Yadda muka yini a Valletta da ƙafa, ni da Maman Ummi

Ni dai aikina kilerin ne a Apapa, kullum ina cikin hayaniyar jiragen ruwa da kwantena, amma kwana a kan teku ban san shi ba sai wannan tafiyar da muka yi da Maman Ummi a watan Oktoba. 'Yan majalisarmu na Agege sun ishe ni da tambaya, wai ya ake yi, ina ake farawa, me mutum zai ci tunda ba ƙasashen Musulmi ba ne, to bari in ba da labarin tasha ɗaya kawai cikin waɗanda jirgin ya tsaya, wato Valletta babban birnin Malta, don ita ta fi kwanta min a rai.

Maganar biza tukunna, saboda mai koren fasfo irin namu nan ne wahalarsa take. Jirginmu daga Italiya ya tashi, ya bi ta Malta da Sifen da Faransa ya dawo, duk ƙasashen nan suna cikin tsarin Schengen, kenan biza ɗaya ta wadatar, kuma ƙa'idar ita ce ka nema a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a ciki, in duk ɗaya ne to wadda za ka fara shiga. Mu ta Italiya muka nema a nan Legas. Sun karɓi sitatimen na banki, takardun kamfani, tikitin jirgin sama, takardar kamfanin jirgin ruwan mai ɗauke da jerin tashoshi da ranaku, da inshorar lafiya wadda abin da za ta iya biya bai gaza yuro 30,000 ba, kuɗin bizar yuro 90 ban da abin da cibiyar karɓar takardu ke caja, sannan a ɗauki yatsunka ka koma gida ka yi ta duba waya. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, ka duba hanyar jirgin sosai kafin ka biya, in akwai tashar da ba Schengen ba a tsakiya, misali Tunisiya, to bizar shiga sau ɗaya za ta iya jefa ka cikin matsala, ka nemi mai shiga da fita. Yuro kuwa a hannun 'yan canji na saya kafin mu tashi, na ce su ba ni ƙananan takardu, 'yan biyar da 'yan goma, kuma sun yi min rana.

A Civitavecchia muka hau, tashar ruwan da ke kusa da Rum. Tun a nan suke ba kowa wani kati mai sunanka da lambar ɗakinka, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuɗinka a cikin jirgi, kuma shi za a sikanin duk sanda za ka fita ko za ka dawo. Kullum da dare ana kawo wata takarda ɗaki mai tsarin gobe, ta Malta ta ce isowa ƙarfe 8 na safe, kowa ya dawo jirgi zuwa 5:30 na yamma, tashi ƙarfe 6. Wannan 5:30 ɗin ba wasa ba ce, jirgi ba ya jiran kowa, in ya tafi ya bar ka to kai da aljihunka ne za ku san yadda za ku cim masa a tasha ta gaba. Da wannan tsoron suke sayar wa mutane yawon da su suka shirya, a zuba ku a bas da ɗan rakiya mai ɗaga tuta, kuma gaskiya in bas ɗinsu ce ta makara jirgi zai jira. Maman Ummi ta so mu saya. Na buɗe taswira na nuna mata, na ce duba nan, duk garin bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, babban titinsa daga ƙofar gari har ƙarshe kilomita ɗaya ne ko kusa da haka, mutanen da ke zaune ciki ba su wuce dubu biyar zuwa shida ba, ina za mu ɓata a nan? Ta ce to Alhaji, in jirgi ya tafi ya bar mu kai za ka yi wa Hajiya bayani. In Mdina kake son zuwa, tsohon babban birninsu da ke tsakiyar tsibirin, ban hana ka sayen nasu ba, amma a Valletta kam asarar kuɗi ce.

Bayan asuba ban koma barci ba, na hau can saman jirgi don in ga yadda za a shiga, abin sana'a. Ƙaramin kwale-kwalen failot, wato mai yi wa jirgi jagora zuwa cikin tasha, ya zo ya manne da mu, mutumin ya hau, sai ga mu muna shiga wani mashigi tsakanin sansanin St Elmo a dama da na Ricasoli a hagu, ga katuwar katangar tare igiyar ruwa. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne kala, gaba ɗaya garin launi ɗaya ne, dutse mai ruwan zuma, ganuwa da gidaje da coci-coci duk da shi aka yi, rana tana fitowa ya ƙara ja. Jirgi mai hawa goma sha wani abu ya zo ya kwanta a gindin ganuwar gari, kamar a ce ka sauko daga jirgi a Apapa ka tarar ba tirela ko ɗaya, ba layin tanka, ba mai tare ka a geti, ka taka da ƙafa cikin minti goma ka samu kanka a ƙofar ofishin shugaban gwamnati. Na daɗe ina kallo ina girgiza kai.

Fita ba wuya, tunda daga ƙasar Schengen muka taso ba wanda ya buga mana hatimi, kati kawai aka sikanin, duk da haka na sa fasfo ɗinmu a jakar da ke rataye a ƙirjina. Wajen da ake sauka wasu tsofaffin sito-sito ne a jere da aka gina a 1752, yanzu sun zama gidajen abinci da shaguna, ƙofofinsu kala-kala, wai a da kalar ce ke nuna kayan da ke ciki, shuɗi na kifi, rawaya na alkama, ja na giya. Masu tasi da masu keken doki suna ta kira, muka ce mun gode muka bi gefen ruwa. Garin a kan tudu yake, kuma a nan ne mutane da yawa ke wahalar da kansu da hawan matakala, alhali in ka ɗan yi gaba akwai lifta da aka buɗe a 2012, tsayinta mita 58, yuro 1 zuwa da dawowa, ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga ka a sama cikin lambun Upper Barrakka. Maman Ummi ta rufe ido tana salati har muka kai.

Daga lambun nan kana ganin komai, jirginmu a ƙasa, tsallaken ruwa kuma garuruwa uku, Birgu da Senglea da Cospicua, da sansanin St Angelo ya tsaya ƙiƙam a bakin ruwa. A nan ne na gane me ya sa aka gina garin haka. Wasu mayaƙan Kirista ne da ake kira jaruman Saint John, Sarki Charles na biyar, mai mulkin Sifen a lokacin, ya ba su tsibirin a 1530, harajinsu shaho ɗaya a shekara. A 1565 Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ya turo runduna ta yi musu ƙawanya tun watan Mayu har Satumba, sansanin St Elmo ya faɗi amma sauran suka ƙi ciwuwa, Turkawa suka juya. Shugaban mayaƙan, Jean de Valette, ya ce ba za a sake ba, a 1566 ya aza harsashin sabon gari a kan wannan tsinin dutse, sunansa garin ya ci. Shi ya sa tituna a miƙe suke ɗoɗar, suna gicciye juna, duk wanda ka leƙa sai ka hango ruwa a ƙarshensa, ɓata sai in mutum ya so. Su 'yan rakiya labarin jarumtar kawai suke bayarwa, amma mai karatu ya san cewa jiragen yaƙin mayaƙan nan bayi ne ke tuƙa su da filafili, da yawansu Musulmi da aka kamo daga Arewacin Afirka da ƙasar Turkawa, har kurkukun bayi akwai a cikin garin. Kafin duk wannan kuma Larabawa sun mulki tsibirin tun 870, har yau yarensu daga Larabci ya samo asali duk da boko suke rubuta shi, in mai shago yana lissafi da ɗan'uwansa za ka tsinci hamsin da sittin a ciki. Turanci kuwa kowa yana ji, Ingila ta riƙe su har 1964, mota ma a hagu suke tuƙi, in za ka tsallaka titi ka kula.

Muna fita daga lambun sai ga Auberge de Castille, ofishin firaminista, ba shinge ba jiniya, mutane suna zaune a matakalarsa suna hoto. Muka gangara ƙofar gari muka ga sabon ginin majalisa na 2015 da kangon gidan wasan da bam ɗin Jamus ya rusa a 1942, sannan muka miƙe titin Republic. Barandojin katako a rufe, kore da shuɗi da ja, suna leƙowa daga kowane bene, su ne abin da Maman Ummi ta fi ɗauka a waya.

Cocin Saint John ne wurin da kowa ke layi. Ta waje ba ka ce komai ba, gini ne kawai mai kama da sansani, an gama shi a 1577. Maman Ummi ta ɗan yi jim, ta ce Alhaji mu da coci? Na ce kallo za mu yi ba ibada ba, ta ce to. Yuro 15 kowanne. A ƙofa ana tare matan Turawa masu guntun wando da buɗaɗɗen kafaɗa ana ba su mayafi su rufa, masu takalmi mai tsini kuma sai sun cire, ita ko da hijabinta har ƙasa mai gadin ya yi mata murmushi ya ce wuce, ta juyo ta kalle ni, ta ce ka ga ni. Ciki kuwa zinare ne ko'ina har ido ya gaji, rufin duk zane, aikin wani Mattia Preti. Amma ƙasan ne abin mamaki, marmara ce kala-kala an tsara ta gida-gida, kusan 400, kowane gida kabarin wani mayaƙi ne da sunansa da tambarin gidansu, wasu har da hoton ƙwarangwal riƙe da lauje. Da na gaya mata kan kaburbura muke tafiya sai ta koma bin gefe-gefe tana ɗaga ƙafa a hankali, ta ce ita fa a fitar da ita. Na roƙi minti biyar don in ga aikin wani mai zane ɗan Italiya, Caravaggio, na 1608, na fille kan Annabi Yahaya, babba ne ya cika bango, duhu ya fi haske yawa a ciki, ga wata tsohuwa ta dafe kanta da hannu biyu, ga wasu fursunoni biyu suna leƙe ta taga, kuma shi kaɗai ne zanen da mutumin ya sa wa hannu, a cikin jinin da ke kwarara ya rubuta sunansa. Shi kansa mai zanen gudun hukuncin kisan kai ya kawo shi Malta daga Rum, a nan ma ya yi faɗa aka kulle shi a St Angelo ya tsere. Ban ce na ji daɗin ganin an zana Annabi ba, ban ji ba, amma hannun mutumin ba na wasa ba ne.

Ƙarfe 12 saura muka koma Upper Barrakka don igwa. A ƙasan lambun akwai jerin tsofaffin igwa, ana harba ɗaya da tsakar rana ɗaya ƙarfe 4, a da da ita matuƙan jirage ke saita agogo. Mutane cike, wani mai kakin sojan Ingila na da yana ta shiri yana duba agogo, kowa ya san abin da za a yi amma da ta tashi sai da duk muka zabura, tattabaru suka watse. Kallo daga sama kyauta ne, ba sai ka biya ka sauka kusa ba.

Sai abinci, wanda shi ne ainihin tambayar 'yan majalisa. Tun da safe mun ga ana layin pastizzi, wani ɗan gashi ne mai ɓawo-ɓawo, ana cusa masa farin cuku mai laushi ko damammen koren wake, arha ne ƙwarai, amma sai ka tambaya da wane mai aka murza kullun, wasu da bota ko majarin suke yi, wasu da kitsen alade. Shagon farko yarinyar ta ce ba ta sani ba, muka wuce, na biyu ya ɗauko robar majarin ɗin ya nuna min, muka saya da zafinsa, na waken ya fi min. Abincin da suke alfahari da shi kuwa zomo ne, duk allon gidan abinci za ka ga fenek, amma ga maganar yanka ga shi da giya ake dafa shi, don haka mun bar musu. Miyar kifinsu ma, aljotta, wasu suna ɗiga mata farar giya, kada ka ga kifi ka saki jiki.

Mun leƙa tsohuwar kasuwarsu mai rufin ƙarfe a titin Merchants, yanzu rumfunan abinci ne, hayaniya ta yi yawa muka fito, muka sauka wani lungu mai matakala inda aka jera tebura a kan matakalar, kowane tebur da ɗan katako a ƙarƙashin ƙafa don kada ya karkace. Muna duba takardar abinci ina ce mata wannan fa ban yarda da shi ba, sai wani saurayi baƙi da ke kwashe kwanuka ya tsaya cak, ya ce sannunku da zuwa Alhaji, Hajiya ina wuni. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ɗan Nijar ne, ya ce ta Libiya ya biyo, a kwale-kwalen roba, shekarun baya, bai ƙara komai a kai ba ni ma ban tona ba. Ya karɓi takardar ya ce Alhaji bar wannan, bar wannan ma, ku ci lampuki lokacinsa ne, zan gaya wa kuku ya gasa da man zaitun da lemon tsami kawai, a kasko daban. Shi ya ba ni labarin kifin, daga tsakiyar Agusta ake fara kamunsa har wajen ƙarshen shekara, masunta suna ɗaure ganyen dabino su bar shi yana yawo a kan ruwa, kifin ya zo shan inuwa a ƙarƙashi su kewaye shi da koma. Naman fari ne, ba ƙaya da yawa, ya zo da gasasshen dankali da salak, gefe kuma ftira, wani burodi zagayayye mai tauri ta waje, an shafe shi da tumatir da mai an zuba tuna da zaitun. Daɗi akwai, yaji ne babu ko alama, sai ga Maman Ummi ta zaro ƙullin yajin ƙuli daga jaka ta barbaɗa mana, yaron ya ga haka ya yi dariya ya ce Hajiya a taimaka a sam min, ta ba shi ƙullin gaba ɗaya. Lemonsu Kinnie na gwada, ba giya a ciki, ɗaci-ɗacin lemon zaƙi da ganyaye, kurɓar farko na yatsine fuska ta uku na ce a ƙaro, ita ko ta ce magani ne. Ruwa na kwalba ake kawowa a sa maka a bil, tsibirin ba shi da kogi, yawancin ruwan famfonsu daga teku ake tace shi.

Masallaci akwai, babba, a Paola, sai dai sai an hau bas ko tasi. Mu da yake jirgi yana ƙasanmu sai muka sauka a lifta muka koma ɗaki, muka yi alwala a natse muka yi azahar, katin nan sau nawa ka ga dama ka fita ka dawo ba mai ce maka don me. Maman Ummi ta ce ƙafafunta sun gama aiki, ta kwanta. Ni na sake fita, a gindin liftar akwai masu ƙananan kwale-kwale masu fenti da dogon hanci gaba da baya, dgħajsa suke kiransu, 'yan yuro kaɗan su tsallakar da kai Birgu cikin minti goma. Tsohon da ya ɗauke mu da inji ya ja, sai da muka kusa gaɓa ya miƙe tsaye ya kama filafili yana turawa gaba. Birgu shiru, lunguna da tukwanen fure da kyanwoyi, can ne mayaƙan suka fara zama kafin a gina Valletta, na zaga na zauna bakin ruwa ina kallon jiragen masu kuɗi, ido ɗaya a kan agogo. Muna tsakiyar ruwa a dawowa igwar ƙarfe 4 ta tashi, tsohon ko gezau.

Na tsaya na sayo mata imqaret, soyayyen fulawa ne da aka cusa wa dabino, shi ma sai da na tambaya ko an sa giya a haɗin, da kwalbar zuma ta tsaraba. A bakin jirgi jaka ta bi ta na'ura, aka sikanin kati, biyar saura na shiga. Wajen 5:40 aka fara kiran sunayen wasu mutum biyu a lasifika ana maimaitawa, mutane suka taru a baranda ana leƙe, can sai ga su a guje da ledoji, matar takalmi a hannu, duk jirgi aka ɗau tafi da fito, suna shiga aka janye tsani. Maman Ummi ta ce waɗancan ma da ƙafa suka fita ko? Na ce ci imqaret ɗinki kafin ya huce.